Raba daidai a aikin gwamnatin tarayya: me ake ƙirgawa, su wa ake tsallakewa?

Da zarar fadar shugaban ƙasa ta fitar da sunayen waɗanda aka ba muƙamai, kafin a gama karanta sanarwar an fara lissafi a Facebook da teburin mai shayi: nawa ne namu, nawa ne nasu? A zamanin Muhammadu Buhari daga Kudu kukan ya fi fitowa, ana cewa an cika shugabancin hukumomin tsaro da 'yan Arewa. Da Bola Tinubu ya hau a 2023 sai reshe ya juye da mujiya, yanzu a Arewa ake cewa duk inda kuɗi ke shiga da fita Bayarabe aka ɗora. Kowane ɓangare kuma sanda ɗaya yake ɗauka ya yi duka da ita: an karya ƙa'idar raba daidai.

To mece ce wannan ƙa'ida? Me ta ce a raba, kuma tsakanin wa da wa? Da yawa daga masu ambatonta sun ɗauka cewa aka yi a raba aiki tsakanin Arewa da Kudu, ko tsakanin Musulmi da Kirista, ko tsakanin Hausawa da Yarbawa da Ibo. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba shi ne mudun da hukuma take awo da shi ba. Sannan muƙaman da ake ta hayaniya a kansu 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da dubban ma'aikatan da ke zaune a ofisoshi shekara da shekaru, waɗanda ba a karanta sunansu a rediyo ranar da aka ɗauke su.

## Abin da ke rubuce

Tushen maganar yana sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999. Abin da sashen ya ƙunsa shi ne, a tsara gwamnatin tarayya da hukumominta ta yadda za su nuna kamannin ƙasar, kada mutanen wasu 'yan jihohi ko wasu 'yan ƙabilu ko wani ɓangare su kankane. Sashe na 14(4) ya ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi irin wannan nauyi a cikin gidansu, abin da gwamnoni ba su cika son a tuna musu ba. Sashe na 147(3) shi ya wajabta wa shugaban ƙasa naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ɗan asalinta. Wannan ne ya sa ba za ka taɓa ganin majalisar ministocin Najeriya ƙasa da mutum 36 ba, komai kukan da ake yi kan tsadar tafiyar da gwamnati. Sashe na 217(3) kuma ya kai maganar cikin barikin soja.

Mai sa ido a kan duk wannan ita ce Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa, wadda gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa da dokar soja mai lamba 34 ta 1996, daga baya kundin 1999 ya gaje ta. Tana da shugaba da kwamishinoni 37, ɗaya daga kowace jiha, ɗaya daga Abuja. Ma'aunin da ta gindaya shi ne: a hedikwatar kowace hukumar tarayya, 'yan asalin kowace jiha kada su gaza kashi 2.5 cikin ɗari na ma'aikata, kada kuma su wuce kashi 3. Abuja tana da kashi 1. Idan guraben ba su isa su zagaya jihohi 36 ba, sai a koma rabo ta shiyyoyi shida. Ƙananan ma'aikata a rassan hukuma kuwa, irin su direba da masinja da mai gadi, aƙalla kashi 75 cikin ɗari daga yankin da ofishin yake za a ɗauko su.

Akwai bambancin da ya kamata a riƙe tun daga nan. Minista da mai ba da shawara da shugaban hukuma 'yan siyasa ne ko naɗin siyasa, suna zuwa da gwamnati su tafi da ita. Ma'aikacin gwamnati na dindindin kuwa ya shiga ke nan sai ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Mai digiri yana farawa daga matakin albashi na 8, ƙololuwa kuma mataki na 17 ne, na darakta. Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ce ke ɗaukar manyan ma'aikatan ma'aikatu, amma wuraren da ake rububinsu, irin su Babban Banki da kwastam da hukumar tara haraji da ta tashoshin jiragen ruwa, su ke ɗaukar nasu da kansu. Can ne maiƙon yake, can ne kuma ido ya fi ƙarancin kaiwa.

## Yadda aka faro

Ba a 1996 aka fara ba, ba kuma a kundin tsarin mulkin 1979 ba. Tushen yana cikin aji. Makarantar sakandaren mishan ta CMS a Legas ta buɗe tun 1859. A Arewa sai 1909 Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawar Kano, Kwalejin Katsina kuma sai farkon shekarun 1920. Turawa sun hana 'yan mishan sakewa a ƙasashen sarakunan Musulmi, su kuma ba su gina makarantun da za su cike gurbin ba, iyayenmu ma a lokacin ba ɗokin bokon suke yi ba. A 1957, shekara uku kafin 'yancin kai, makarantun sakandare 176 ne a Kudu, Arewa kuwa 18, alhali ita ta fi faɗin ƙasa da yawan jama'a.

Sakamakon a fili yake. Akawun jirgin ƙasa da na gidan waya da na baitulmali a Kano da Kaduna da Zariya da Jos akasari 'yan Kudu ne. Da Anthony Enahoro, ɗan majalisa daga Kudu, ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1953, Sardauna da jama'arsa suka ce a dakata sai lokacin da hali ya yi, wannan tsoro ne a ƙarƙashin maganar: Bature ya tafi, ofis ya koma hannun wanda ya riga ka shiga aji. Rikicin Kano na watan Mayun wannan shekara daga nan ya samo wuta. Bayan an ba kowane yanki ikon ma'aikatansa a 1954, gwamnatin Jihar Arewa ta kama manufar arewantar da aiki gadan-gadan: in akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ba, in babu a ɗauko Bature, ɗan Kudu sai in ya zama dole, shi ma na wucin gadi. Makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya ta yi ta yaye ma'aikata cikin gaggawa don cike guraben.

A soja ma haka. Daga 1958 aka fara ɗaukar ƙananan sojoji da kaso: rabi daga Arewa, rubu'i daga Gabas, rubu'i daga Yamma. A 1961, lokacin Muhammadu Ribaɗu yana ministan tsaro, aka faɗaɗa tsarin zuwa hafsoshi.

Wanda yake son ya san zafin wannan batu ya dubi 1966. Ranar 24 ga Mayu shugaban mulkin soja Janar Aguiyi-Ironsi ya fitar da dokar da ta rushe yankuna ta haɗe ma'aikatansu wuri guda. A Arewa fassara ɗaya aka yi mata: za a kawo waɗanda suka fi takardu su hau kan kowa. Cikin 'yan kwanaki tarzoma ta ɓarke a garuruwa ana kiran "a raba", aka kashe mutane da yawa, akasarinsu Ibo, bayan wata biyu kuma aka yi juyin mulkin da ya ci ran Ironsi. Wani abin lura, lambar waccan doka ma 34 ce, daidai da lambar dokar da ta kafa Hukumar Raba Daidai bayan shekara talatin cif.

Bayan yaƙin basasa, Janar Murtala Muhammad ne ya shigar da kalmar "federal character", wato raba daidai, cikin harshen gwamnati, a jawabinsa na buɗe zaman kwamitin rubuta kundin tsarin mulki ranar 18 ga Oktoba, 1975, kwamitin da Rotimi Williams ya shugabanta. Daga nan ta shiga kundin 1979. Waɗanda suka rubuta ta mutane ne da suka ga gawarwaki da idonsu. Ba gyaran aikin ofis ne a gabansu ba, abin da ya dame su kada wani yanki ya sake jin cewa gwamnatin ba tasa ba ce.

## Jiha ake ƙirgawa, ba mutane ba

Nan ne gizo ke saƙar. Tunda jiha ce mudu, to kowace jiha kai ɗaya ce komai yawan jama'arta. A ƙidayar 2006 Kano tana da mutum miliyan 9.4, kusan kashi 6.7 cikin ɗari na mutanen ƙasar miliyan 140. Bayelsa tana da miliyan 1.7, kashi ɗaya da ɗan ɗoriya. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Bayelsa na da 8. Amma a gaban Hukumar Raba Daidai su biyun kasonsu ɗaya, babu wadda za ta wuce kashi 3. Ma'ana, matashin Kano yana takara da mutane ninki biyar na waɗanda takwaransa na Bayelsa ke takara da su, a kan kujeru masu yawa ɗaya. Ba kasafai ake jin wannan a bakin masu cewa tsarin gata ne da aka yi wa Arewa ba.

Ta ɗaya gefen kuma, tunda jiha ce mudu, yawan jihohi shi ne yawan rabo. Jihohi 19 na Arewa sun tashi da kusan kashi 52, jihohi 17 na Kudu da kusan kashi 47. Arewa maso Yamma mai jihohi bakwai tana iya kaiwa kashi 21, Kudu maso Gabas mai jihohi biyar ba za ta wuce 15 ba. Wannan ne ya sa Ibo ba su daina neman jiha ta shida ba, kuma shi ya sa duk gyaran kundin tsarin mulki sai an cika teburin majalisa da buƙatun sababbin jihohi. Daga 12 a 1967 aka koma 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996, kuma duk sojoji ne suka yanka su, ba da wani ma'auni guda da kowa ya amince da shi ba.

Wannan duk a takarda ne. A cikin ofisoshin fa? Marigayi Abdul Raufu Mustapha, masanin siyasa a Jami'ar Oxford, ya bi alƙaluman hukumar na farkon shekarun 2000, ya nuna cewa Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas kowacce ba ta wuce kusan kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatan tarayya ba, alhali Kudu maso Yamma na da kusan rubu'i. Ko a cikin Arewar ma ba ɗaya ba ne: Kogi da Kwara da Binuwai sun daɗe da yin nisa, Zamfara da Jigawa da Yobe da Sakkwato suna can baya. A Kudu ma Ebonyi da Bayelsa suna cikin 'yan baya. Kalmar "Arewa" a wannan lissafi tana ɓoye fiye da abin da take nunawa.

Me ya sa giɓin ba ya saurin rufewa? Saboda ba a korar ma'aikaci don jiharsa ta yi yawa. Wanda aka ɗauka a 1995 yana nan har 2030. Hanya ɗaya ce ta gyara: sabuwar ɗauka. Kuskuren shekara ɗaya a bakin ƙofa sai ya yi shekara 35 yana zaune a ofis, yana kuma hawa mataki. Shi ya sa wanda ya damu da kamannin ma'aikatan gwamnati ya fi kyau ya zuba ido kan jerin sunayen sababbin ɗauka na mataki na 8 fiye da kan wanda aka ba shugabancin hukuma na shekara huɗu.

Wasu ƙasashe da wani mudun suke awo. Kenya ƙabila take ƙirgawa: dokarta ta 2008 ta hana ƙabila ɗaya wuce sulusin ma'aikatan kowace hukuma. Indiya kuwa tana ware gurabe ne ga rukunoni uku da aka daɗe ana dannewa, na farko kashi 15, na biyu kashi 7.5, na uku kashi 27, kuma a rukuni na ukun ta cire 'ya'yan masu hali daga cin moriyar kason. Wannan na ƙarshe shi ne abin da babu shi ko kaɗan a tsarinmu. Ɗan tsohon gwamna da ya yi karatu a Ingila da ɗan manomin da ya yi firamare a gindin bishiya, in dai jiharsu ɗaya, kaso ɗaya suke ci. Ba sai an faɗi wanda zai samu ba.

## Takardar indijin

Ta yaya hukuma ke sanin jiharka? Ba inda aka haife ka ba, ba inda kake zaune kake biyan haraji ba. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira takardar indijin, ita ce hujja, kuma shugaban ƙaramar hukuma ne ke da ikon bayarwa ko hanawa. Kundin tsarin mulki ya jingina asali ga iyaye ko kakanni da suka fito daga al'ummar da ke 'yar asalin wurin, amma bai faɗi daga wace shekara ake fara ƙirga asalin ba. Wannan giɓi ya ci rayuka.

Jos ce misalin da kowa ya sani. Bahaushen da kakansa ya zo haƙar kuza tun zamanin Turawa, aka haifi ubansa a can, aka haife shi a can, yana iya neman takarda a ce masa baƙo ne. Ya nufi Kano ko Bauci inda aka ce asalinsa yake, can ma a tambaye shi gidan wa, mai unguwar wa ya san shi. Rikicin Afrilun 1994 ya biyo bayan naɗin shugaban riƙon ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ne, na Satumbar 2001 ma taƙaddama kan wani naɗi na shirin yaƙi da talauci tana cikin abin da ya share masa fage. Su kuma Birom da Anaguta da Afizere tsoronsu shi ne irin tsoron da Sardauna ya ji a 1953, cewa za a fi ƙarfinsu a gidansu. Mu da muke kafa hujja da wancan tsoron a matakin ƙasa, bai kamata mu kasa gane shi ba idan ya fito daga bakin wani. Haka nan ɗan Ibo ko Bayaraben da aka haifa a Sabon Gari, Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da yaren kakansa, shi ma ba ya cikin kason Kano. A 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatanta da ba 'yan asalin jihar ba, akasarinsu kuma Ibo ne 'yan uwansu daga maƙwabtan jihohi.

Mace kuwa tata ta fi rikitarwa. Ƙa'idar hukumar ta ce matar aure jiharta ta haihuwa za ta ci gaba da riƙewa a rabon tarayya. Sai ka ga mace ta yi shekara ashirin tana aiki a jihar mijinta, in muƙami ya taso a ce ba 'yar nan ba ce, a jihar iyayenta kuma a ce ai ta yi aure ta tafi. A 2012 an ga haka a fili lokacin da aka jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda an kawo ta a kason Abiya, jihar mijinta inda ta yi aikinta, alhali haihuwar Anambra ce. Sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce, majalisar dattawa ta sa baki, sannan aka rantsar da ita.

## Maganar cancanta

Babbar hujjar masu adawa da tsarin ita ce yana kashe cancanta: a bar wanda ya ci maki 80 a ɗauki mai 55 don kawai jiharsa. Suna nuna makin shiga makarantun sakandaren tarayya, inda abin da ake nema daga yaron Anambra ko Imo ya ninka na yaron wasu jihohin Arewa nesa ba kusa ba. Suna nuna rabon guraben jami'o'in tarayya: kashi 45 cancanta zalla, kashi 35 yankin da jami'a take, kashi 20 jihohin da aka bari a baya a ilimi. Jihohin nan 23 ne, duka 19 na Arewa da Bayelsa da Kuros Riba da Ebonyi da Ribas. Suna kuma tambaya: maganin da aka ce na ɗan lokaci ne, yau shekara nawa ana sha, ciwon bai warke ba?

Tambayar tana da nauyi, kuma mu ya kamata ta fi damu. Jihar da ta san kasonta yana nan ko ta gyara makarantu ko ba ta gyara ba, me zai tayar mata da hankali? A ganina nan ne tsarin ya fi yi wa Arewa illa: ya ba manyanmu inuwar da suke fakewa, suna nuna ministoci da manyan sakatarori a matsayin shaidar an dama da mu, alhali ajin firamare a ƙauye yara fiye da ɗari ne a gaban malami ɗaya.

Amma masu kare tsarin su ma ba da wofi suke magana ba. A ƙa'ida ba a ce a ɗauki wanda bai cika sharaɗi ba, cewa aka yi a ɗauki mafi cancanta daga kowace jiha. Haka ake yi wajen naɗa manyan sakatarori: idan kujerar wata jiha ta faɗi, daraktocin jihar ne ke zama jarrabawa a tsakaninsu. Kuma jami'in da bai taɓa taka Arewa maso Gabas ba, bai jin Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, ko da ya fi kowa maki, akwai abin da ba zai gane ba idan aka ba shi tsara rabon taki ko rigakafi a Yobe. Sanin mutanen da za ka yi wa aiki shi ma wani reshe ne na cancanta, jarrabawa ce kawai ba ta auna shi.

Abin da ɓangarorin biyu ke tsallakewa shi ne, mafi yawan rashin cancantar da ake gani a ofisoshi ba kaso ne ya kawo shi ba. Wa-ka-sani ne.

## Waɗanda mudun bai auna ba

Lissafin hukumar bai san mace ba. Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta yi alƙawarin kashi 35 cikin ɗari na muƙamai ga mata, a Afrilun 2022 kuma Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta cika alƙawarin, wata guda bayan majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurorin gyaran kundin tsarin mulki da suka shafi mata. A saman aikin gwamnati mata sun taka rawa: shugabannin ma'aikatan tarayya uku a jere mata ne, Winifred Oyo-Ita daga 2015, sai Folasade Yemi-Esan, sai Didi Walson-Jack a 2024. Duba sunayen da kyau. Yarinyar da aka cire daga makaranta a aji uku na ƙaramar sakandare a Arewa maso Yamma ba ta cikin wannan layi, kuma ba dokar rabo ce za ta shigar da ita ba.

Masu buƙata ta musamman suna da doka tasu, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su yi ƙoƙarin ba su aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Wanda ya taɓa hawa benen wata sakatariya da lif ɗinta ya mutu ya san nisan da ke tsakanin dokar da gurgun da ke ƙasa yana jira.

Sai shekaru. Ƙasar matasa ce, amma saboda takunkumin ɗaukar aiki da ake yawan ƙaƙabawa, ma'aikatu da yawa sun yi nauyi a sama, ƙasa ba kowa. Don buɗe hanya ne aka kawo wa'adin shekara takwas ga daraktoci a 2009, zamanin 'Yar'aduwa, lokacin Steve Oronsaye yana shugaban ma'aikata. An yi ta ƙorafi a Arewa a lokacin cewa 'yan yankin abin ya fi shafa. An dakatar da tsarin a 2016, aka dawo da shi a 2023. Ko gyaran da bai ambaci jiha ba, da idon jiha ake karanta shi.

## Ƙofar baya

Ƙa'ida ta ce duk hukumar da za ta ɗauki ma'aikata ta yi talla a jaridun ƙasa aƙalla biyu, ta ba da mako shida, bayan an gama kuma ta karɓi takardar shaidar bin ƙa'ida daga Hukumar Raba Daidai. Amma akwai wata kafa: hukuma na iya neman a ɗauke mata tallar. Dalilin da aka fi kawowa shi ne gudun turmutsutsu, kuma ana da abin nunawa. Ranar 15 ga Maris, 2014, dubban ɗaruruwan matasa da kowannensu ya biya naira 1,000 suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, a kan guraben da ba su kai 5,000 ba, aƙalla mutum 16 suka mutu a cunkoso. Abin takaici ne na gaske, sai dai tun daga nan ya zama mafaka. A ce za a "cike gurbin" waɗanda suka yi ritaya ko suka rasu, a raba guraben tsakanin manyan hukumar da 'yan majalisar da ke sa ido a kanta da sauran masu uwa a gindin murhu, ragowar kuma a kai kasuwa.

A 2023 kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki wannan harka. Hukumomi sun amsa a gabansa cewa sun ɗauki ɗaruruwan ma'aikata ba talla. Wasu matasa sun ba da shaidar biyan naira miliyan ɗaya ko fiye don samun takardar kama aiki. Abin da ya fi ɗaure kai, jami'an ita kanta Hukumar Raba Daidai suka yi ta jifan juna da zargin sayar da gurabe a bainar jama'a, shugabar hukumar ta lokacin kuma ta musanta abin da aka jingina mata. Kundin tsarin mulki ya ba hukumar ikon gurfanar da shugaban duk wata ma'aikata da ya saɓa ƙa'ida, amma ba kasafai ake jin an kai wani gaban alƙali ba.

Lura da yadda wannan ke tafiya daidai da lissafin kashi 2.5 zuwa 3 ba tare da karo ba. Ana iya cika kason kowace jiha cif, takarda ta fita tsaf, alhali duk waɗanda aka ɗauka 'ya'yan unguwanni biyu ne a Abuja, kowanne da takardar indijin ta ƙauyen da bai taɓa kwana ba. A alƙaluma an ba Jigawa haƙƙinta. Yaron da ya gama digiri a Dutse, ya yi bautar ƙasa, ya koma Gumel yana sayar da katin waya, bai ma ji an yi ɗaukar ba. Haka kuma a cikin jiha, kason da ya kamata ya zagaya ƙananan hukumomi sai ya maƙale a babban birni da garin gwamna da garin sanata.

Ga talaka illar ba ta tsaya ga rasa albashi ba. Wanda ya sayi kujera da miliyan biyu zai nemi ya mayar da kuɗinsa, kuma a kan mai zuwa neman fasfo ko fansho ko takardar fili zai mayar. Wanda aka kawo da wasiƙar babban mutum ya san ba mai iya taɓa shi, ko ya zo ofis ko bai zo ba. A irin wannan duhu ne ma'aikatan bogi ke hayayyafa. A farkon 2016 kaɗai ma'aikatar kuɗi ta ce ta cire sunaye fiye da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi.

Kowace jiha tana da kwamishina a hukumar, da ofis a babban birninta, kuma kowace hukumar tarayya tana miƙa jerin ma'aikatanta da jiharsu da ƙaramar hukumarsu. Alƙaluman suna nan a ajiye. Ƙungiyar ɗaliban jiha ko ta ci gaban gari na iya zuwa ofishin ta nemi a nuna mata mutum nawa aka ɗauka daga jihar a bara, a waɗanne hukumomi, daga waɗanne ƙananan hukumomi, kuma a wace jarida aka yi tallar, ranar nawa ga wata. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa irin wannan buƙata idan an rubuta ta.